ADDU'AR KIRISTA GA SHUGABAN DA BAI ZAƁA BA

Akwai wata magana da ta ke yawan tasowa a cikin majami'un Kirista na ƙasar nan tun daga zaɓen 2023, wadda ya kamata malaman makaranta da akawunan ƙasar Gummi da Anka da Bukkuyum su fahimce ta, ko su Musulmi ne ko Kirista. Maganar ita ce: shin wajibi ne mutum ya yi wa shugaba addu'ar alheri alhali bai zaɓe shi ba, bai yarda da manufarsa ba, har ma yana ganin mulkinsa ya cuce shi? Waɗansu sun ce wajibi ne, gama haka Littafinsu ya umarta. Waɗansu kuwa sun ce wannan munafunci ne, ko kuwa tsoro ne aka rufe shi da rigar ibada. Da ya ke wani zaɓen yana tafe a 2027, lalle maganar za ta ƙara zafi. Saboda haka ya kyautu mu zauna mu auna ta a tsanake tun wuri, kafin a fara kaɗa gangar siyasa ta hana kowa jin maganar ɗan'uwansa.

Mai karatu zai iya cewa, to, mene ne ruwan mutumin Gummi da abin da a ke faɗa a coci, tun da Kirista kaɗan ne a wannan yanki? Gaskiya ne kaɗan ne, amma suna nan tare da mu. Akwai su cikin malaman makarantu da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da masu kantuna, akwai samari masu yi wa ƙasa hidima, akwai kuma manoma a can wajen iyaka da ƙasar Zuru, kan hanyar da ta bi ta Ɗaki Takwas. Mutumin da ku ke zama ofis ɗaya, ku ke karɓar albashi rana ɗaya, ku ke tsoron hanya ɗaya in yamma ta yi, ai bai kamata ka jahilci abin da ya ke roƙon Allah game da Gwamnan da ya ke mulkinku baki ɗaya ba.

DALILIN DA YA SA MAGANAR TA TASO

Ruwa ba ya tsami banza. Kiristan Zamfara yana da dalilan da za su sa addu'a ga shugaba ta yi masa nauyi a baki. An yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996. Bayan shekara uku, ran 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamad da Shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a watan Janairu na 2000. Musulmi sun yi murna ƙwarai, Gwamnati kuwa ta ce dokar ba ta hau kan wanda ba Musulmi ba. Duk da haka Kirista da yawa sun tsorata, balle da aka yi tarzomar Kaduna a watan Fabrairu na 2000 bisa ga wannan magana, aka yi asarar rayuka masu yawa daga kowane gefe. Tun daga lokacin shugabanninsu su ke kuka kan wuyar samun filin gina coci, da kuma ƙarancin malaman da za su koya wa 'ya'yansu addininsu a makarantun Gwamnati. A watan Agusta na 2016 kuma aka kashe mutum takwas a Talata Mafara bayan an zargi wani ɗalibi da yin saɓo. Irin waɗannan abubuwa ba su saurin fita daga zuciya.

Sa'an nan ga zaɓen 2023, inda Jam'iyyar APC ta tsai da Bola Ahmed Tinubu da Kashim Shettima, dukansu biyu Musulmi. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, watau CAN, wadda aka kafa a 1976, ta fito fili ta ce ba ta yarda da wannan tsari ba. Aka yi zaɓe, waɗanda ta ƙi su suka ci. Ran 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka rantsad da sabon Shugaba, ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Wannan kuwa bai tambayi addinin kowa ba.

Haka nan ɓarnar 'yan bindiga ba ta tambayi addinin kowa ba. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na wannan shekara aka yanke wayar tarho a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka rufe makarantu. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu, 2022, aka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mutanen wurin suka ce sun kai kamar 200. To, mutumin da ya bar gonarsa ta zama daji, ya sayad da shanunsa ya fanshi ɗansa, in ka ce masa ya ɗaga hannu ya roƙa wa Gwamna lafiya da tsawon rai, ba abin mamaki ba ne in ya dube ka sheƙeƙe.

ABIN DA LITTAFINSU YA KOYAR

Amma fa umarnin yana nan a rubuce, kuma kowane Kirista mai jin Hausa zai iya karanta shi da kansa, gama tun 1932 aka gama juya Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, aikin da Likita Mila na Wusasa ya ba da ƙoƙari mai yawa a cikinsa. A cikin wasiƙar fari da Manzo Bulus ya rubuta wa almajirinsa Timoti, a farkon sura ta biyu, ya gargaɗe shi a riƙa yin roƙo da godiya saboda dukan mutane, ya kuma ambaci sarakuna da masu riƙe da iko musamman. Ya faɗi dalili, watau domin jama'a su sami zaman lafiya da kwanciyar rai, su yi ibadarsu cikin mutunci.

Abin lura shi ne wane irin sarki ne ya ke bisa gadon Rum a zamanin Bulus. Kaisar Nero ne, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa ta 68. Shi ne wanda, bayan gobarar da ta cinye birnin Rum a shekara ta 64, ya ɗora wa Kirista laifi, ya sa aka yi musu kisan wulaƙanci. Bisa ga abin da Kirista suka gada daga magabatansu, a zamaninsa ne aka kashe Bulus da Bitrus. Ashe ke nan ba don sarki mai adalci kaɗai aka ba da umarnin ba.

Tun kafin wannan, Annabi Irmiya ya riga ya faɗi abin da ya fi haka wuyar haɗiya. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Nebukadnezzar ya kwashe manyan Yahudawa daga Urushalima ya kai su Babila bauta. Waɗansu masu da'awar annabci suka yi ta gaya musu kada su kwance kaya, gama an kusa komawa gida. Irmiya ya aika musu da takarda, tana nan a sura ta 29 ta littafinsa, ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi alherin birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Sa'an nan a cikin Linjila ta hannun Matiyu, sura ta biyar, Yesu Almasihu, wanda Musulmi su ke kira Annabi Isa, ya umarci mabiyansa su yi wa masu tsananta musu addu'a.

Kiristocin farko sun riƙe wannan da gaske. Wajen shekara ta 96 wani shugaban ikkilisiyar Rum mai suna Kilemen ya rubuta doguwar addu'a wadda a cikinta ya roƙa wa masu mulki lafiya da salama da shawara tagari. Wajen shekara ta 197 wani malami na Afirka ta Arewa, Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya rubuta wa mahukuntan Rum cewa Kirista suna roƙa wa Kaisar tsawon rai da amintacciyar ƙasa da amintattun 'yan majalisa. Amma waɗannan mutane ɗin dai su ne suka ƙi ƙona turare a gaban gunkin Kaisar. Wani Gwamnan Rum mai suna Filini ya rubuta wa Kaisar Tarajan wajen shekara ta 112, ya ce da wannan ya ke gane Kiristan gaske, gama ba a iya tilasta shi ya yi. Sun yarda su yi addu'a domin Kaisar, sun ƙi su yi addu'a ga Kaisar, har suka ba da wuyansu a kan wannan bambanci.

ADDU'A DABAN, YARDA DABAN

A nan ne masu cewa munafunci ne suka yi kuskure. Sun ɗauka wanda ya yi wa shugaba addu'a ya sa hannu ke nan a kan dukan abin da shugaban ya aikata. Ba haka ba ne. Ku ɗauki misalin mai fito a Gulbin Zamfara da damina, sa'ad da ruwa ya cika ya batse. Ko da kun yi faɗa da shi jiya a kasuwa, ko da kana ganin ya tsawwala kuɗin fito, in ka shiga jirginsa kuka kai tsakiyar gulbi, me za ka roƙa masa? Ƙarfin hannu da natsuwa za ka roƙa masa. In kun kai gaci ka ci gaba da ƙararsa wurin Sarkin Ruwa, ba wanda ya hana ka. Shugaba shi ne mai riƙe da gora, mu duka kuwa muna cikin jirgin, da wanda ya zaɓe shi da wanda ya ƙi shi.

Littafin da ya ce a yi addu'a, shi ne kuma ya ba da labarin Annabi Natan wanda ya shiga fada ya tsauta wa Sarki Dawuda ido da ido, da na Yahaya Mai Baftisma wanda ya gaya wa Sarki Hirudus aurensa haram ne har aka fille masa kai, da na Bitrus wanda ya gaya wa majalisar Urushalima biyayya ga Allah ita ce gaba da biyayya ga mutum. Annabi Sama'ila ya yi fushi da jama'arsa da suka nace sai an naɗa musu sarki, ya gaya musu sun yi laifi, duk da haka ya ce a gare shi zunubi ne ya daina yi musu addu'a. Ashe tsautawa da addu'a tagwaye ne a wannan koyarwa.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. A 1995, a zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, bayan an soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, manyan limaman Katolika na Nijeriya suka tsara wata addu'a ta musamman domin ƙasa mai cikin wahala, aka riƙa karanta ta a majami'unsu ko'ina. A 1998 suka ƙara wata a kan cin hanci da rashawa. Duk wanda ya ji waɗannan addu'o'i ya san roƙon Allah ne, ya kuma san gargaɗi ne ga masu mulki. A 1996 Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya kafa ƙungiyar yi wa Nijeriya addu'a. A nan kusa da mu kuma akwai Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda aka naɗa Bishop na Sakkwato a 2011. A saƙonsa na Kirsimeti na 2020 ya soki Shugaba Muhammadu Buhari da kakkausar murya, ya zarge shi da fifita nasa wajen rabon muƙamai, har ƙura ta tashi, waɗansu ƙungiyoyin Musulmi suka mai da masa martani mai zafi. Shi ɗin ne kuma ya ke cikin kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya sa 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a zaɓen 2015. Ko ka yarda da maganarsa ko ba ka yarda ba, ka ga mutum ɗaya yana iya suka yana kuma neman kada jirgin ya kife. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wannan hanya tana da tsada wani lokaci. A ƙasar Uganda, a watan Fabrairu na 1977, babban limamin Angalika, Janani Luwum, tare da 'yan'uwansa limamai suka rubuta wa Idi Amin takardar kuka kan kashe-kashen da sojansa su ke yi. Ba a yi kwana nawa ba aka kashe shi. Saboda haka wanda ya ce koyarwar yi wa shugaba addu'a koyarwar matsorata ce, bai karanta tarihinta ba.

HANYOYI UKU DA A KE ƁATA WANNAN ADDU'A

Masu suka suna da gaskiya a wuri ɗaya, gama ana ɓata wannan ibada, kuma hanyoyin ɓata ta uku ne.

Ta fari ita ce addu'ar kwaɗayi. Sa'ad da zaɓe ya gabato, sai ka ga an tara limaman coci a gefe guda, malamai a gefe guda, an kai su gidan Gwamnati a yi addu'a, a fito kowa da ambulan a aljihu. Wannan roƙo ne irin na maroƙa, sai dai an sa sunan Allah a ciki. Bakin da ya ci ba ya iya tsautawa. Ranar da aka auka wa ƙauye, limamin da ya karɓa jiya ba shi da idon da zai dubi Gwamna ya ce masa ya gaza.

Ta biyu ita ce addu'ar zagi. Wani zai miƙe a coci ya ce zai yi wa shugaba addu'a, sa'an nan ya shiga roƙon Allah ya saukad da wuta a kansa, ya hallaka shi da zuriyarsa. Ko kuwa ya yi ta habaici da sunan addu'a, jama'a suna amin suna dariya, gama kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda ya ke yi wa. Wannan jawabin siyasa ne aka yi da ido a rufe. Haɗarinsa a ƙasa irin tamu babba ne, domin yaron da ya saba jin ana la'antar shugaba a wurin ibada saboda addininsa dabam ne, gobe zai ɗauka maƙwabcinsa ma abin la'ana ne. Wayar hannu kuma ta sa abin da aka faɗa a ƙaramin ɗaki da safe ya kan kai Gusau da Kaduna kafin azahar.

Ta uku ita ce addu'ar lalaci, wadda shugabanni su ke so ƙwarai. Abu ya lalace, maimakon a gyara sai a ce wa talakawa su koma ga Allah. A 2017, sa'ad da sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara fiye da kowace jiha, Gwamna Abdul'aziz Yari ya ce zunuban jama'a ne suka jawo annobar. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi na Biyu, ya mai da masa magana a bainar jama'a, ya ce abin da a ke bukata allurar rigakafi ce. Ku tuna kuma da gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kamar 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. An share ƙauyuka da dama, amma Bagega ta zauna tana jira, har sai da likitoci da 'yan jarida da matasa suka yi ta kuka, sa'an nan Gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin a farkon 2013. Iyayen yaran nan sun yi addu'a dare da rana, ba shakka. Amma sai da aka kankare ƙasa mai guba aka zuba sabuwa kafin likita ya iya ba yaro magani ya yi amfani. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Akwai kuma wani abin da ya kamata masu mulki su sani, watau addu'ar dole ba ta da albarka. A Amurka, a lokacin yaƙin basasarsu, a 1862, Janar Butler wanda ya ke riƙe da birnin New Orleans ya kori waɗansu limaman coci daga garin don sun ƙi karanta addu'ar da a kan yi wa Shugaban Ƙasa. Ya iya korarsu, amma bai sami zuciyar ko mutum ɗaya da wannan ba.

MUSULMI MA SUN SAN WANNAN HANYA

Musulmin da ya karanta wannan zai ga ba baƙon abu ba ne a gare shi. An ruwaito daga Fulailu ɗan Iyali da kuma Imamu Ahmad ɗan Hambali cewa da suna da addu'a ɗaya tak wadda suka tabbata karɓaɓɓiya ce, da shugaba za su yi wa, domin gyaruwarsa gyaruwar ƙasa ce da bayin Allah. Imamu Ahmad kuwa shi ne wanda aka ɗaure aka yi wa bulala a zamanin Halifa Mu'utasim don ya ƙi bin ra'ayin fada. Haka nan Musulmin da suka yi hijira zuwa Habasha wajen shekara ta 615 sun zauna ƙarƙashin Najjashi, sarkin Kirista, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa sa'ad da wani ya tasam masa da yaƙi, sun roƙi Allah ya ba shi nasara, saboda adalcin da suka gani a ƙasarsa.

A nan ƙasarmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a Zamfara. Wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Salla ya yi musu kyauta mai yawa, Shehu ya ƙi karɓar dukiya. Abin da ya roƙa abu biyar ne, a cikinsu har da a saki 'yan kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Ga malami ya zo gaban sarki da ladabi, bai zage shi ba, bai kuma ci nasa ba. Limamin coci na yau da malamin masallaci na yau, kowannensu yana da abin koyo a nan. Garin Gummi kuwa, da ya haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962, ba ya bukatar a koya masa cewa malami yana iya zama kusa da masu mulki ya kuma faɗi abin da ya ke gani gaskiya ne.

KOWA YA TAƁA ZAMA ƘARƘASHIN WANDA BAI ZAƁA BA

Wani abin da zai sauƙaƙa maganar shi ne mu dubi yadda mulki ya ke juyawa a jihar nan. Daga 1999 an yi Gwamnonin farar hula biyar. Yariman Bakura ya yi shekara takwas. Mahmud Aliyu Shinkafi ya hau a 2007 a Jam'iyyar ANPP, kafin wa'adinsa ya cika ya koma PDP. Abdul'aziz Yari ya hau a 2011 a ANPP, wadda ta narke cikin APC. A 2019 APC ce ta fi yawan ƙuri'a, amma ran 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba, Bello Matawalle na PDP ya hau. A 2021 shi kuma ya koma APC. A 2023 Dauda Lawal ya kā da shi a ƙarƙashin PDP. To, ina baligin da ya zauna Zamfara cikin shekarun nan bai taɓa kwana ƙarƙashin Gwamnan da bai zaɓa ba? In mutum ya ce sai ɗan jam'iyyarsa zai yi wa addu'a, ai sai ya riƙa sauraron rediyo kowace safiya ya ji ko Gwamna ya sake sheƙa cikin dare. Addu'ar da Bulus ya umarta tana bin kujerar da nauyin da ke kanta, ko wane ne ya hau.

Iyayenmu na zamanin En'e, sa'ad da Gummi da Anka da Bukkuyum su ke gundumomi ƙarƙashin Sakkwato, sun ga irin wannan. Kiristan Arewa da yawa sun yi adawa da Jam'iyyar NPC, suka bi su Fasto David Lot da Joseph Tarka, suka kai kukansu gaban Kwamitin Willink a 1958. A 1964 suka kafa ƙungiyar Kiristocin Arewa saboda damuwarsu da rangadin musuluntarwa na Sardauna. Duk da haka akwai Kirista irin su Michael Audu Buba a cikin ministocin Sardauna, taken Jihar Arewa kuwa shi ne aiki da ibada. An yi jayayya mai zafi, amma akawu Kirista da akawu Musulmi sun ci gaba da zama tebur ɗaya suna rubuta littafin haraji ɗaya.

ABIN DA YA RAGE GA SHUGABANNI DA MU

Wanda a ke yi wa addu'a, bashi ya ke ci. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 14, ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa Gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa. Bulus ya ce a yi addu'a domin a sami zaman lafiya, zaman lafiyar nan kuwa shi ne aikin da aka ɗauki shugaba ya yi. Gwamna ko Shugaban Ƙaramar Hukuma da ya ji labarin 'yan tsiraru suna ambaton sunansa ran Lahadi a gaban Allah, alhali sun san ba ƙuri'arsu ce ta kai shi ba, ya kamata jikinsa ya yi sanyi. Ya tambayi kansa ko takardar neman filin cocinsu tana nan kwance a wani ofis shekara da shekaru, ko 'ya'yansu suna da malamin addini a makaranta, ko kayan agajin da aka raba bayan ambaliyar Gummi ta 2024 sun kai ga kowa ba tare da an duba sunansa ba.

Ku kuma malaman makaranta, a hannunku ne yaro ya ke fara koyon yadda a ke maganar manya. In kun zagi Gwamna a gaban aji, kun koya wa yara zagi. In kun yi masa kirarin ƙarya, kun koya musu fadanci. Ku koya musu su iya cewa wannan aiki na Gwamnati bai yi daidai ba, ga dalili, su kuma iya roƙa wa mai aikin shiriya da zuciya ɗaya. Ku akawuna, takardun talakawa ta hannunku su ke bi. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Kada mutum ya roƙa wa shugaba adalci ran Juma'a ko ran Lahadi, ran Litinin kuma ya danne fayil ɗin wani don sunansa Bitrus ne ko don sunansa Bello ne.

Ga Kirista mai jin nauyin wannan addu'a kuwa, ba wanda ya ce ya ƙaryata zuciyarsa. Ba a ce ya roƙa wa shugaba cin zaɓe ba. Ya roƙa masa tsoron Allah, da mashawarta masu gaskiya, da kunnen jin kukan talaka, da ƙarfin zuciyar tuba in ya yi kuskure. In ranar zaɓe ta zo ya ɗauki katinsa ya jefa wa wanda ya ga dama, gama wannan ma amana ce. Wanda ya saba ambaton sunan abokin hamayyarsa a gaban Allah da alheri, da wuya ya ɗauki makami a kansa ko a kan magoya bayansa, wannan kuwa riba ce ga kowa a ƙasar da jini ya riga ya zuba da yawa.

Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya shiryi shugabanninmu, waɗanda muka zaɓa da waɗanda ba mu zaɓa ba, ya ba su ikon riƙe amana, ya mai da manoman Gummi da Anka da Bukkuyum gonakinsu lafiya. Amin.